Abin da Na Sare a Kusurwar Rafi

A danginmu idan aka ce "mai addar nan", ba sai an faɗi suna ba, kowa ya san ni ake nufi. Ni ce na sare arzikin yayana da rana tsaka, yana tsaye yana kallo. An daɗe ana ba da labarin a gidajen biki da na suna, kowa da irin gishirin da yake zuba masa, amma ban taɓa samun wanda ya zaunar da ni ya tambaye ni yadda aka yi ba. To yau zan faɗa da bakina. Ina so a sani tun daga farko, ba haƙuri na zo bayarwa ba.

A shekarun nan da farar hula suka karɓi mulki, Abuja ta yi ta kumbura. Tifofi ba sa hutawa, duk inda ka waiwaya ana zuba kankare, wanda ka sani jiya a ƙafa yau sai ya wuce ka a mota ya ɗaga maka hannu. Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare, a wani ƙauye can bayan Kwali. Mijina ya rasu ya bar ni da yara uku. Albashi yana zuwa, amma kafin ka gama yi masa sannu da zuwa ya yi sallama. Abin da ya riƙe mu da gaske gona ce, dawa a sama, ɗan wake da gyaɗa a tsakani.

Gonar ba tawa ba ce, aro ce. Mai ita wani dattijo ne ɗan asalin wurin, Gbagyi, kowa Baba yake ce masa. Ranar da ya ba ni ya kafa mini sharaɗi: kada in dasa itace, kada in aza bulo. Sauran bai faɗa ba, don kowa a ƙauyen ya san shi. Ya taɓa karɓe gona daga hannun wani mutum saboda kawai ya bar masu tifa sun ɗebi yashi a gefenta. Ga kuma mutanen birni da ke ta zagaye da manyan motoci suna neman fili, babban ɗansa kullum yana kunnensa a kan ya sayar. Ni da ire-irena da muke noman aro mun san dalili kaɗan ake nema.

Baba yana da rabonsa a duk abin da gona ta bayar, kuma ba ya jira sai an girbe. Idan damina ta fara ja da baya, dawa ta fid da kai ta soma nauyi, sai ya zo da sandarsa ya zagaya, ya ce bana dami kaza za a ɗaure. Daga wannan ƙiyasi ake fitar masa da nasa. Ko girbi ya zarce, ko ya gaza, abin da ya faɗa shi ne. Yana kuma da wata ɗabi'a da duk mai aron gonarsa ya sani: ba ya fara zagaye daga inda shuka ta yi kyau. Kai tsaye yake gangarawa wurin da ya fi lalacewa, ya daɗe a tsaye a can, sannan ya hauro yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A gonata wurin nan shi ne kusurwar bakin rafi, inda ƙasa ta lotsa, ruwa yake kwanciya, dawa take fitowa siririya, ganyenta ɗorawa.

Na taɓa tambayarsa dalili. Hausarsa irin ta mutanen wurin ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ya ce, "Malama, mai kyau ɗin yana ruɗin ka. Ka ga mara kyau tukuna, sai ka san abin da kake da shi."

Yanzu sai in zo kan Yaya. Kada wani ya ɗauka mugun mutum ne. Shi ya riƙa goya ni zuwa makaranta a Zariya lokacin da ƙaya ta taɓa yi mini miki a ƙafa, kuma da cinikin teburinsa na yi karatun koyarwa. A Karmo yake, cikin Abuja, yana da rumfa ta kwano a bakin hanya, yana sayar da katin waya da caja da batir, a lokacin da wayar hannu ta fara shiga hannun kowa. Ciniki ya buɗe masa har ya fara tumbi. Rana ɗaya katafila ta bi ta layinsu. Ya mayar da matarsa da yaransa gida wurin mahaifiyarmu, Inna, shi kuma ya sauka a zaurena da jaka ɗaya. Makonni ya yi a zaune, ba ya cin kirki, ba ya magana, sai kallon hanya. Na tausaya masa ƙwarai.

Da aka yi ruwan shuka sai ya ce in ɗan yanka masa wuri ya motsa jiki. Na ce ya zaɓa. Ya zagaya ya dawo ya ce kusurwar rafi. Na yi dariya na ce, "Yaya, duk faɗin gonar nan ka rasa inda za ka ɗauka sai inda ko ciyawa ke fitowa da ƙyar?" Ya ce rama zai sa, ita ba ruwanta. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba sai ga shi ya fi ni sammako. Ya daina kallon hanya, ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Na buga wa Inna waya ina murna, na ce ɗanki ya zama manomi. Dawa ta tashi ta rufe kusurwar ruf, ni kuma ga makaranta ga yara, ban cika gangarawa ba. Idan na nufi can sai ya ce, "Bar nan gefen, jiya na ga kububuwa." Ni da nake tsoron maciji kamar me, sai in juya.

Kwaɗayi ne ya tona shi. Wata Asabar da hantsi na samu ƙuli-ƙuli mai kyau, raina ya biya kwaɗon rama. Yaya ya tafi aski. Na ɗauki faranti na kutsa cikin dawa har na ɓulla kusurwar. Shuka ce ta yi kore shar, wata ma ta fi ni tsawo, ganyenta a rarrabe kamar yatsun hannu. Ai ita ma rama akwai mai irin wannan ganye, don haka ban kawo komai a raina ba. Na tsinki ɗaya na sa a baki. Babu tsami ko kaɗan. Sai kuma warin ya doki hancina, warin da na sani a bayan tasha da cikin kangwayen ginin da samari ke fakewa. Na tofar. Tsoro ya kama ni, na tsuguna a kan kunya. Tabar wiwi ce cike da kusurwar, a gonar da duk ƙauyen ke kira gonar Malama.

Tsoron bai daɗe ba, fushi ya maye gurbinsa. Na dawo gida na same shi a zaure, kansa sai ƙyalli yake. Na ajiye farantin a gabansa, babu komai a ciki sai ganye ɗaya.

Na ce, "Yaya, ramar nan taka ba ta da tsami."

Ya dubi ganyen, ya dube ni. Na zaci zai rantse ko ya sunkuyar da kai. Sai ya yi murmushi, ya ce in zauna, dama yana neman ranar da zai faɗa mini. Ya jawo tsinke ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara yi mini lissafi.

Akwai wata guda a tsakiyar kusurwar da ta fi sauran girma, ta yi rassa ta baje. Da ita yake auna komai. Ya ce ita kaɗai za ta ba da kaza, to a ninka da yawan sauran, buhu kaza ke nan. Daga buhu ya tsallaka zuwa babur biyu na acaɓa. Daga babur ya tsallaka zuwa shago na bulo mai takarda, wanda katafila ba za ta kalla ba. Daga nan ya dawo da matarsa da yara, ya sa su makarantar kuɗi, har ya canza mini kwanon ɗakina da ke yoyo. Tsinken yana ta gudu a ƙasa, idonsa yana walƙiya. Rabon da in gan shi haka tun kafin rusau.

Na ce, "Waɗanda ruwa ya kwanta wa suka tsumbure fa, su ma haka za su bayar?"

Ya ce za su farfaɗo.

"Akuya fa? Ɓarawo fa? Kai da ko masara ba ka taɓa karya ba, ina ka san abin da shuka ke bayarwa?"

Ya ce ni dai baƙin baki gare ni tun ina yarinya. Yaya ɗan tebur ne, ya saba da kwalin batir, abin da aka rubuta a bayansa shi za ka tarar a ciki. Ya ɗauka gona ma haka take.

Da ya ga ban yi dariya ba sai ya jefar da tsinken. Muryarsa ta canza. Ya ce, "Da rana tsaka suka rushe ni, ko sannu ba wanda ya ce mini. Masu benayen da ke tashi a garin nan, ke kin ɗauka duk da guminsu suke ginawa? Sau ɗaya kawai zan yi, in miƙe. Ko so kike in mutu a zaurenki?"

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma na ce masa gonar nan ba tawa ba ce, kuma tuwon 'ya'yana a cikinta yake. Ya ce ba wanda zai sani.

Bayan 'yan kwanaki wanda ya ba shi irin ya zo duba kayansa. Wani mutum ne mai jiki, da takalmi mai tsini da mota mai baƙin gilashi, ya ajiye ta nesa ya tako. Oga kawai Yaya ke ce masa. Na bi su har kusurwar, don gonata ce, ba wanda zai hana ni. Oga ya ƙanƙance ido, ya taɓa wannan ya shinshina wancan, ya taɓe baki. Ya ce ruwa ya ɓata kayan, abin da za a samu ko rabin lissafin Yaya bai kai ba. Yaya ya ja shi wurin babbar, shi kuma ya ja Yaya wurin tsumburarrun. Suka tsaya suna ja-in-ja a tsakiyar gonata kamar masu cinikin tumatir. Da zai tafi ya juyo ya ce, "Madam, no wahala. In kaya ya fita za mu gan ki." Na ce ya riƙe ganinsa, ban ce ina nema ba.

A hanyar komawa gida na lura da abu ɗaya. Mutum biyu sun yi ƙiyasi, ɗaya ya kai sama ɗaya ya ja ƙasa, amma ba wanda ya sa ni a ciki. Sai na yi nawa, na kuma fara daga wurin da ya fi lalacewa, yadda na ga Baba yana yi. Idan abin ya tonu, Oga zai shiga motarsa ya ɗaga gilashi. Yaya baƙo ne, jaka ɗaya gare shi. Wadda za a zo nema ita ce mai gona. Gona ta tafi, aiki ya tafi, ni kuma wataƙila sai dai yarana su riƙa kai mini ziyara gidan yarin Kuje. Da na gama wannan lissafi ban ga babur ko ɗaya da zai iya cike shi ba.

Ana cikin haka Baba ya aiko. Ya ce idan an ci kasuwar Kwali da kwana biyu zai zo zagayen ƙiyasi. Na faɗa wa Yaya muna cin abincin rana. Ko a jikinsa. Ya ce tsoho mai sanda me zai kai shi cikin taɓo, ai daga bakin hanya zai leƙa dawa ya yi gaba, shi ya sa ma ya zaɓi wurin.

Dariya ta kama ni, irin wadda ba daɗi a cikinta. Na ce, "Yaya, daga nan yake farawa. Duk shekara. Ko yaron ƙauyen nan ka tambaya zai faɗa maka."

Lomar da ke hannunsa ta koma kwano. Duk dabararsa ta ɗan birni ta kai shi ya ɓoye abinsa a wurin da mai gona ke fara sa ƙafa. Sai lallashi ya tashi. In ce ba ni da lafiya a ɗaga ranar. In tare Baba a bakin hanya in ce na yarda da duk abin da ya yanka, ko ninki biyu ne. In ce masa akwai kububuwa. Makonni kaɗan suka rage kayan su nuna, in taimake shi in rufa masa asiri. Na ce tsohon nan bai taɓa cuta ta da ko zangarniya ɗaya ba, ba zan tsaya a gonarsa in yi masa ƙarya ba. Na ce ya tuge abinsa kafin ranar kasuwa, in ba haka ba ni zan yi.

Ya kai ƙarata wurin Inna, ya ce ina yi masa baƙin ciki, ina so in lalata masa shuka. Ta kira ni tana faɗa. Ban taɓa zaton bakina zai iya furta kalmar a kunnen mahaifiyata ba, amma na furta. Na ce, "Inna, wiwi ya shuka." Ta yi salati. Can sai ta ce, "To 'yar nan, tunda an riga an yi, ki bari ya kwashe abinsa, kada ya ƙara. Yayanki ne." Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo. Na gane ni kaɗai ce a gefena.

Ranar kasuwa ƙauyen yakan watse, mata su saɓa kaya a kafaɗa su bi hanya tun da sassafe. Na haɗa yarana da maƙwabciya suka tafi. Na leƙa kusurwar, komai na nan a tsaye. Na dawo na ɗauko adda, na zauna a ƙofar zaure inda Yaya zai gan ni, na wasa ta a kan dutse ba tare da gaggawa ba. Ba na so a ce na yi a ɓoye. Da na miƙe ya biyo ni, muna tafe cikin dawa yana magana a bayana.

Ya ce, "Idan kika taɓa shukar nan, ba ni ba ke."

Na ce, "Na ji, Yaya."

Da babbar na fara. Gindinta ya yi kauri, sai da na yi mata sara da yawa kafin ta kwanta. Daga nan na bi sauran layi-layi. Warin ya cika mini hanci, ya kama zanena, kaina ya riƙa sarawa. Yaya ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, da ya so da hannu ɗaya zai ƙwace addar. Bai taɓa ni ba. Ya zauna a kan kunya ya haɗa kai da gwiwa ya fashe da kuka. Ko ranar da ya zo daga Karmo ban ga hawayensa ba. Ni ma kukan nake, majina da gumi duk sun haɗe, amma hannuna bai tsaya ba. Na riƙa jan su runguma-runguma ina jefawa a rafi, wanda ruwan ƙarshen damina ya cika, yana tafiya da su. Kafin la'asar kusurwar ta koma fili, tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe.

Bai ci abinci ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita, bai yi sallama da ni ba, bai jira yaran sun dawo ba. Na tsaya a ƙofa ina kallon bayansa har ya sha kwana.

Washegari Oga ya same ni a makaranta lokacin tara. Ya kira ni gefe, na ƙi matsawa daga inda nake, tsakanin malamai da masu sayar da ƙosai. Ya rage murya ya ce, "Madam, kin san abin da kika lalata kuwa?" Ni kuwa na ɗaga tawa muryar. Na ce, "Ban sani ba, Oga. Me ka shuka a gonata? Faɗa da ƙarfi, ga hedimasta nan ya ji." Ya dube ni, ya dubi mutane, ya gyara hularsa ya koma mota. Ban sake ganinsa ba. Na dai ji cewa Yaya ya daɗe bai iya tako Abuja ba saboda shi, kuma wannan ma a kaina aka ɗora.

Baba ya zo a ranar da ya faɗa, da sandarsa, ya naɗe ƙafar wando. Abin da ban so ba, babban ɗansa na biye da shi, mai son a sayar da filin. Ba su tsaya ko'ina ba sai kusurwar rafi. Ga kututture nan birjik, ga taɓo duk sawun ƙafata, warin kuma bai gama tafiya ba. Ɗan ya buɗe hanci ya ce, "Baba, warin mene ne wannan?"

Baba ya matsa kusa. Ya zunguri wani kututture da sanda. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ganye ɗaya da ya maƙale a taɓo, ya murza shi a yatsa, ya kai hanci. Ni dai na riga na sallama. Ina tsaye ina tunanin inda zan samu wata gonar, da abin da zan faɗa wa yara. Ya saki ganyen, ya sa diddige ya danna shi cikin taɓo.

Ya ce, "Malama, wa ya sare?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Da hannunka?"

Na buɗe masa tafin hannuna. Ya daɗe yana kallo. Ɗan ya fara wata magana da yarensu, da zafi-zafi, yana nuna kututturen. Baba ya mayar masa da kalma biyu ko uku, ɗan ya ja bakinsa. Sannan Baba ya juya ya ce da Hausa, "Wannan wuri bai ba da komai ba bana." Ya kama hanya ya haura.

Dawar shekarar ta yi kyau fiye da kowace shekara, zangarniya har tana rinjayar kara. Amma da muka fito bakin hanya, adadin da Baba ya faɗa shi ne mafi ƙanƙanta da ya taɓa yanka mini. Na ce, "Baba, dawar nan ta fi haka, ka cuci kanka." Ya ce shi daga ƙasa yake farawa, kuma bana ƙasa babu komai. Ya ɗan yi gaba, sai ya tsaya ya nuna kusurwar da sanda.

Ya ce, "Baɗi kai za ka noma wurin nan da kanka. Kar ka ba kowa."

Baɗi. Ita kaɗai na ji a duk maganar. Na tsuguna na yi godiya, da suka tafi na shiga cikin dawa inda ba mai gani na, na zauna na yi kuka har na gode Allah. Da aka yi girbi na kai masa rabonsa bisa abin da aka ɗaure da gaske. Ya ɗebi abin da ya faɗa, ya sa matarsa ta saɓo sauran a kafaɗa ta dawo mini da shi har gida.

Na ci gaba da noma gonar. A cikinta na ciyar da yaran nan har suka kawo ƙarfi. Kusurwar kuwa na ɗaga mata kunya na zuba rama, ta gaske, kuma ta karɓa.

Shukar Yaya ce dai ba ta daina ba da amfani ba. Tunda ba a girbe ta ba, ba abin da ya taɓa ta, ba ruwa, ba akuya, ba Oga. A shekarar farko, a bakinsa, babur biyu na sare masa. Bayan 'yan shekaru na ji an ce motar haya ce. Da ƙanwar Inna ta zo mini gaisuwa, ta ce ai fili ne guda a bakin titi. Ya koma tebur a Zariya, yana rufa wa kansa asiri daidai gwargwado, amma duk abin da ya rasa a rayuwa, addata ce. Idan na je gida na gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Na yi kewarsa ƙwarai, har yau ina jin zafin shekarun nan. Sai dai ban taɓa cewa ya yafe mini ba, don ban ga abin da na yi da ke neman yafiya ba. Dangi sun yi ta aike, wai in sauke kai in ba shi haƙuri ko don zumunci. Na ce duk wanda ya matsu ya ba shi aron gonarsa.

Da aka tashi aurar da babbar 'yarsa, ban jira gayyata ba. Na sa aka ɗora mini buhunan dawa a mota, da ƙullin busasshiyar rama, na tafi. Da dawar aka yi tuwon biki da kunu. Ranar wuni na kwaɗa ramar da hannuna, na zuba a kwano na nufi zaure, inda yake zaune da surukai da abokansa. Tun daga tsakar gida nake jin muryarsa. Yana ba su labarin wani noma da ya taɓa yi a Abuja, bai dai faɗi abin da ya shuka ba. Ya ce ba don hassada ta cikin gida ba, da yanzu bene gare shi hawa biyu.

Na yi sallama na shiga. Aka zubo mini ido, don akwai waɗanda suka san ni. Na durƙusa na ajiye kwanon a gabansa, kusa da tuwon da ya riga ya ci rabi.

Na ce, "Yaya, tuwon nan dawar gonar ce. Wannan kuma daga kusurwar rafi."

Ya dubi kwanon. Gemunsa ya yi fari. Na ɗauka zai ture. Sai ya gutsura ya kai baki, ya daɗe yana taunawa, idonsa a ƙasa.

Ya ce, "Wannan kam tana da tsami."

Ita ce magana ta farko da ya yi mini tun ranar kasuwar nan. Na ce, "Rama ce, Yaya." Na tashi na fita kafin surukai su ga fuskata. Ban kai tsakar gida ba na ji ya ɗora labarin benensa daga inda ya tsaya, da ramata a bakinsa. Na bar masa benen. Kwanon dai da aka fito da shi, ko ganye ɗaya bai rage ba.